Ɗan Katin Buɗe Ɗakin Otal: Ina Yake Ƙarewa Bayan Baƙo Ya Tafi?

Duk wanda ya je aikin Hajji ko Umara a 'yan shekarun nan ya san wannan yanayi. An dawo daga Harami bayan sallar isha'i, ƙafafu sun yi tsami, an sha layin lif, an hau hawa na goma sha wani abu, ga mutum uku tsaye cirko-cirko a ƙofar ɗaki. Sai a shiga kallon juna.

"Alhaji, katin yana wajenka?"

"A'a, ai Malam ne ya fita da shi."

Malam kuwa yana can ya tsaya ɗawafi. Dole ɗaya ya sake sauka ƙasa, ya tsaya a teburin karɓar baƙi, ya nuna lambar ɗaki da yatsu. Ma'aikacin ba ya jan magana. Zai zaro sabon kati daga cikin ɗauri, ya ɗora shi a kan 'yar na'ura, ya miƙo. Kafin kwanakin Makka su ƙare, ɗaki mai gado huɗu kan iya cinye kati biyar ko shida. Ranar tafiya wasu suna aljihun jallabiya, wasu sun shige jakar tsaraba tare da dabino da carbi. Haka za su sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, su ƙare a hannun yara suna wasa da su a tsakar gida.

A 2023 da 2024 mahajjata sun kai kimanin miliyan 1.8 kowace shekara, kuma mafi yawansu a otal suke sauka, a Makka da kuma Madina. Abin bai tsaya can ba. Manyan otal-otal na Abuja, Legas, Kano, Yamai da Accra sun daɗe da komawa kati. Baƙo ya zo a ba shi ɗaya ko biyu, ya tafi da su ko ya bar su a kan gado, gobe a ba wani sabo. Ba wanda ke damuwa, tunda abu ne da bai cika tafin hannu ba.

Amma da yayyafi kogi kan cika. Masu otal sun fara duba kuɗin da wannan ɗan abu ke ci musu a shekara, masu rajin kare muhalli kuma suna tambayar inda yake ƙarewa. Kamfanonin da ke buga katin sun hango kasuwa, sai ga na katako, ga na gora, ga na masara, ga kuma masu cewa a rabu da kati kwata-kwata a koma waya. Kowanne da farashinsa, kowanne kuma da abin da mai tallarsa ba ya saurin faɗa.

Daga ƙarfe zuwa roba

Shekaru hamsin da suka wuce, mabuɗin ƙarfe ake bayarwa a otal ko'ina a duniya, an ɗaura masa ƙaton katako ko tagulla mai ɗauke da lambar ɗaki. Da gangan aka yi shi da nauyi, don kada baƙo ya jefa shi a aljihu ya manta. In zai shiga gari sai ya ajiye a tebur, in ya dawo ya karɓa. Har yau haka ake yi a ƙananan masaukai da yawa a garuruwanmu, kuma mabuɗi ɗaya kan yi shekaru yana aiki.

Aibinsa sananne ne. Wanda ya kwana jiya zai iya kai shi wurin mai yankan makulli a kasuwa, a fitar masa da irinsa cikin 'yan mintoci. In kuma ya ɓace, babu kwanciyar hankali sai an sauya makullin ƙofar gaba ɗaya.

A 1974 wani mutum ya kutsa ɗakin da shahararriyar mawaƙiyar Amurka, Connie Francis, ta sauka a jihar New York, ya ci zarafinta. Ta maka masu masaukin a kotu bisa sakaci da tsaro, aka yanke mata diyyar kusan dala miliyan biyu da rabi. Labarin ya isa kunnen wani ɗan ƙasar Norwe mai suna Tor Sørnes, wanda ke aiki a masana'antar makullai a garin Moss. Shi ne ya ƙirƙiro katin roba mai huji-huji, da gurabe 32, ta yadda kowane sabon baƙo zai samu nasa tsarin ba tare da an cire makullin ƙofa ba. Aka sa masa suna VingCard, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya isa wani katafaren otal a birnin Atlanta.

Daga baya aka koma kati mai baƙin layi a bayansa, irin tsohon katin cirar kuɗi, wanda ake zurawa a zaro. Layin nan maganaɗisu ne, kuma na otal galibi mai rauni ake sawa, don a riƙa gogewa ana sake rubutawa cikin sauƙi. Shi ya sa yake saurin mutuwa in ya haɗu da maganaɗisun bakin jaka ko na rigar waya. Yanzu wanda ya fi yawa shi ne wanda ake karawa kawai a jikin ƙofa. A cikinsa akwai 'yar ƙwayar lantarki da siririyar waya da aka naɗe a gefunansa, ita ke magana da makullin.

Gram biyar-biyar

Girman katin ɗaya ne a duk duniya: tsawo kusan santimita takwas da rabi, faɗi biyar da rabi, kauri bai kai milimita ɗaya ba, nauyi kimanin gram 5. Akasari da robar PVC ake yin sa, dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita. Tana da araha, tana karɓar launi da kyau, ba ta jin ruwa, ba ta jin gumi. Halayen nan da suka sa ta dace da aljihun matafiyi su ne kuma suka sa ba ta ruɓewa a juji.

Bari mu yi lissafin da kowa zai iya bi. A ƙaddara otal mai ɗaki 100, kullum 60 suna da mutane, kowane baƙo na yin kwana biyu. Sabbin baƙi 30 ke nan a rana, wajen 11,000 a shekara. In ana ba kowa kati biyu, an miƙa kati 22,000. Idan babu wanda ya dawo da nasa, an zubar da roba kilo 110. Idan kuwa tara cikin goma suna dawowa tebur, kilo 11 kacal aka yi asara. Otal ɗaya ne, kati iri ɗaya, makulli iri ɗaya, amma tsakaninsu ninki goma.

Wani zai ce kilo 110 ai ba komai ba ne a duniyar da ke samar da roba kusan tan miliyan 400 a shekara, wadda kuma abin da ake sake sarrafawa daga sharar bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a zuzuta abin ba. Ledar fiya-wata da ake zubarwa a babbar kasuwa ɗaya cikin shekara ta ninka wannan nesa ba kusa ba.

Inda katin ya bambanta shi ne ba shi da mai saye. 'Yan jari-bola suna tsintar ƙarfe da alminiyam da gorar ruwa da fasasshen bokiti, domin akwai sikeli da ke jiransu. Shi kati cakuɗe ne: roba, fenti, siririyar waya da ƙwayar lantarki, duk a manne da juna. Wahalar raba su ta fi abin da za a samu. Sai ya bi shara zuwa bola, bola kuma a wurinmu ƙarshenta wuta. Fiye da rabin nauyin tsantsar PVC sinadarin kulorin ne, in ta ƙone a fili tana fitar da hayaƙi mai yaji da guba da ke illa ga huhu. Masu shaƙar wannan hayaƙi su ne mazauna gefen juji, waɗanda akasarinsu ba su taɓa kwana a otal ba. Wannan kaɗai ya isa a ɗauki maganar da muhimmanci.

Lissafin mai otal

Mai otal da naira yake lissafi. Katin da makullin da na'urar rubuta katin, kusan duka daga waje ake shigo da su, da yawa daga Sin. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa wajen 1,500 cikin shekara guda. Ɗaurin katin da ake saya ba a ji a jiki ba, yanzu sai an zauna da akanta.

Farashin hawa-hawa ne. Mai baƙin layi shi ne mafi araha. Wanda ake karawa ya ninka shi. Mai ƙwayar da ke da tsaro mai ƙarfi ya ƙara tsada, na katako kuma ya ɗara su. Manajan da aka matsa wa ya rage kashe kuɗi, idonsa a kan na ƙasan jerin yake faɗawa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a dubi kuɗin kati ɗaya a takardar saye, a tsaya nan. Tambayar da ta fi dacewa ita ce: baƙi nawa wannan kati zai yi wa aiki kafin ya ɓace ko ya mutu? Ƙwayar da ke cikin katin da ake karawa tana jure gogewa da sake rubutawa sau dubbai. Da wuya ka ga wanda tsufa ya kashe, kusan duk tafiya da su ake yi. A ƙaddara kati na naira 600 da ya yi wa baƙi 60 aiki, ya tashi naira 10 a kan kowane baƙo. Na naira 200 da ya mutu ko ya ɓace bayan baƙi biyu, ya tashi naira 100. Mai tsadar ne ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi rage shara.

A nan ra'ayin masu sana'ar ya rabu. Akwai masu ganin katin da baƙo ya tafi da shi talla ce ta kyauta, tunda sunan otal na jiki, duk sanda ya buɗe walat zai tuna. Akwai masu jin nauyin su ce wa babban mutum "ranka ya daɗe, katin fa?" a gaban jama'a, sai su bar shi ya wuce. Wasu kuma sun sa tara a kan wanda ya ɓatar, abin da baƙi da yawa ke ɗauka rowa ce: mutum ya biya kuɗin ɗaki mai yawa, a ce kuma ya biya kuɗin 'yar roba. A wasu ƙasashe akan sayar wa gidajen abinci bayan katin su sa tallarsu, sai kuɗin bugawa ya fita daga can. Dabara ce mai kyau ga aljihu, sai dai duk ranar da kwangilar tallar ta ƙare, katunan da suka rage sun zama shara ko da lafiyarsu lau.

Katako, gora da masara

A watan Janairun 2020 kamfanin Accor na Faransa, mai otal-otal irin su Ibis, Novotel da Sofitel, ya yi alƙawarin kawar da robar da ake amfani da ita sau ɗaya daga duk abin da baƙo ke taɓawa kafin ƙarshen 2022, kuma katin ɗaki na cikin jerin. Matsin lamba irin wannan yana ƙaruwa ko'ina. A gida, jihar Legas ta haramta kwanon abinci na soso a Janairun 2024, ta kuma fara tilasta dokar hana wasu kayan roba na amfani sau ɗaya a Yulin 2025. Katin otal ba ya cikin dokar, amma ta nuna inda iska ke kaɗawa.

Katin katako shi ne ya fi jan ido. Siraran fallayen itace ne ko gora ake mannawa, a sa ƙwayar a tsakiya. Yana da kyau a hannu, yana kuma ba otal damar nuna wa baƙo cewa ya damu da muhalli. Na kirki yakan zo da shaidar cewa itacen daga dajin da ake sake dasawa aka samo shi, irin tambarin FSC. Sai dai har yanzu akwai ƙwaya da waya da gam a cikinsa, don haka ba abin da za a jefa a takin gona ba ne. Ruwa da laima suna iya tanƙwara shi. Sannan abin da ya yi kyau shi ne ake son tafiya da shi gida. Katin katakon da aka yo odarsa daga wata nahiya, ya yi wa baƙo ɗaya aiki ya shige akwati, bai taimaki daji ba, bai taimaki aljihu ba.

Akwai kuma robar da ake yi da sitacin masara, wadda ake kira PLA. Masu tallarta suna cewa tana ruɓewa. Tana ruɓewa ɗin, amma a masana'antar taki ta musamman, inda zafi ke kai wa wajen digiri 60 tare da laima. Irin waɗannan wurare ba su wadata ba ko a Turai, balle a nan. In ta faɗa bolar unguwa, zama take yi kamar sauran roba. Mai sayen kati ya kamata ya tambayi dillali kai tsaye: a ina take ruɓewa, kuma akwai wurin a garinmu?

Na takarda mai kauri ya dace da wurin da baƙi ke kwana ɗaya su wuce, amma ba ya jure gumi da zaman aljihu.

Wanda ba a cika yi wa talla ba shi ne katin da aka yi da tsohuwar PVC da aka sake narkawa. Ba shi da kwalliyar katako, amma yana aiki da makullin da ake da shi, yana daɗewa kamar sabo, bambancin farashinsa kuma ba mai karya ƙugu ba ne. Ga otal ɗin da makullansa ke aiki lafiya kuma yake karɓar katunansa daga hannun baƙi, a ganina wannan ne zaɓin da ya fi hankali.

Araha ba ta ado

Akwai wurin da tsimi ke komawa asara, shi ne ƙwayar da ke cikin katin. Wadda ta fi yaɗuwa tsawon shekaru ita ce MIFARE Classic, saboda sauƙin kuɗinta. Tun 2008 masu bincike a Jami'ar Radboud da ke Nijmegen a ƙasar Holan suka nuna cewa ana iya karya sirrinta. Duk da haka otal-otal da yawa sun ci gaba da amfani da ita.

A 2012 wani matashin masanin kwamfuta, Cody Brocious, ya nuna a wani taron tsaro a Las Vegas yadda na'urar da kuɗinta bai kai dala 50 ba ke buɗe makullan kamfanin Onity, waɗanda ke jikin miliyoyin ƙofofi. A watan Maris na 2024 kuma wasu masu bincike suka bayyana rauni a makullan Saflok na kamfanin Dormakaba, wanda ya shafi ƙofofi kusan miliyan 3 a ƙasashe 131. Abin da ya fi tayar da hankali a wannan karon shi ne, kati ɗaya na otal ɗin, ko da wanda wa'adinsa ya ƙare ne, ya isa a haɗa jabun da za su buɗe kowane ɗaki.

Gyaran ya ci kuɗi. Sai da aka bi makullai ɗaya bayan ɗaya ana sabunta su ko ana sauyawa, aka kuma sake katuna gaba ɗaya da masu ƙwayar da ta fi tsaro. Tsofaffin sun tafi shara a lokaci guda. Wanda ya gudu daga tsadar ƙwaya mai kyau ya biya sau biyu, ya kuma zubar da robar da yake cewa yana tattalinta.

Darasi na biyu ya shafi kowa: tsohon kati da ke yawo a kwandon shara ko a tashar mota ba koyaushe ne mataccen abu ba. Dawo da shi tebur tsaro ne ga wanda zai kwana a ɗakin gobe.

Waya a madadin kati

Kamfanin otal-otal na Starwood ya fara ba baƙi damar buɗe ɗaki da wayarsu a 2014, Hilton ya biyo baya a 2015, a ƙarshen 2021 kuma Hyatt ya fara sa mabuɗin ɗaki a cikin manhajar waya ta Apple Wallet. Annobar korona ta ƙara wa tsarin kasuwa, lokacin da kowa ke gudun taɓa abin da wani ya taɓa. A takarda, wannan shi ne ƙarshen magana: babu kati, babu roba, babu layi a tebur.

A aikace akwai sauran rina a kaba. Dole makullin ƙofa ya zama mai jin saƙon waya, tsofaffi da yawa kuwa ba sa ji. Otal mai ɗaki 100 da ya ciro makullai 100 masu aiki ya jefar, da ƙarfensu da allunan lantarkinsu, ya tara sharar da ta fi ta katunan shekaru da dama, ga kuɗin sababbi, ga kuɗin manhaja da ake biya duk shekara da dala.

Ga kuma baƙin kansu. Dattijon da ya zo daga ƙauye zai sauke farali da ƙaramar waya mai maɓallai, ba za a ce masa ya sauke manhaja ba. Mai babbar waya ma caji na ƙare masa a hanya. Mutum huɗu a ɗaki ɗaya, kowa sai an tura masa nasa. Shi ya sa ko a otal-otal ɗin da suka kawo tsarin, ɗaurin kati bai bar tebur ba, wato ana biyan kuɗin tsari biyu ke nan.

A watan Satumban 2023 masu kutse suka far wa kwamfutocin kamfanin otal-otal na MGM a Las Vegas, mabuɗan waya suka daina aiki, baƙi suka yi dogayen layuka suna jiran a ba su abin buɗe ɗaki a hannu. Inda wuta da intanet ba su da tabbas, dogaro da waya kaɗai kasada ce. Ga wanda ke gina sabon otal, ya sayi makullin da ke jin kati da waya tun farko. Ga wanda makullansa ke aiki, ya bar su su ci lokacinsu.

Ramin da ke jikin bango

Mafi girman amfanin katin ga muhalli ba a ƙofa yake ba, yana nan daga ciki, a ɗan ramin da ake zura shi wuta ta kama. In baƙo ya fita da katinsa, fitilu da talabijin da na'urar sanyaya ɗaki su mutu. Wannan ɗan akwati, in yana aiki yadda aka tsara shi, ya fi duk wata muhawarar katako da roba nauyi.

Na'urar sanyaya ɗaki madaidaiciya tana shan kimanin yunit ɗaya na wuta a awa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A a Najeriya zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga ƙasa da 70. Ɗakin da aka bar na'urarsa tana aiki awa takwas babu kowa a ciki ya ƙona wutar sama da naira 1,500, kuɗin da ya kai ko ya zarce na katin kansa, a ɗaki ɗaya, a yini ɗaya. In wuta ta ɗauke aka tayar da janareta, ga dizal da litarsa ta haura naira 1,000 a 2024, lissafin ya ƙara muni, ga hayaƙi a kan maƙwabta.

To amma kowa ya san dabarar. Akwatin bango mai araha ba ya bambance kati da kwali, duk abin da aka zura masa karɓa yake yi. Baƙo ya sa katin sunansa na ofis ko guntun kwalin sabulu, ya tafi taro tun safe, ya dawo da magariba ya tarar da ɗaki kamar firji. Wani ma kati na biyu yake nema a tebur musamman don wannan, sai ga asara biyu: an kashe kati, an ƙona wuta. Akwai akwatin da ke karanta ƙwayar katin, ba ya kunnawa sai da katin ɗakin. Ya fi tsada a ranar saye, amma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ba ya daɗewa bai mayar da kuɗinsa ba.

Baƙi ma suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Ba wanda ke son shiga ɗakin da ya zama tanda, ko ya bar waya a caji ya dawo ya tarar ba ta ɗauka ba. Otal ɗin da ya raba layin firji da soket ɗaya na caji daga akwatin, ya kuma sa labule mai kauri da na'urar da ke saurin sanyaya ɗaki, ya rage wa baƙo dalilin cusa kwali.

Akwai kuma batir. Kowane makullin kati da batir yake aiki, galibi guda huɗu irin na tocila ƙarama, ana sauya su duk shekara ko biyu. Ƙofa 100, batir 400, wajen kilo tara a kowane zagaye, kusan daidai da nauyin katunan da otal mai kula ke asara a shekara. Ba a cika jin kowa yana tambayar inda ake zubar da su ba.

A dawo da shi tebur

Abubuwan da ke aiki ba su da tsada. Ɗan akwati a teburin karɓar baƙi da wani a bakin ƙofar fita. Ma'aikacin da aka koya wa ya tambayi katin cikin ladabi, kamar yadda ake tambayar mabuɗin ƙarfe a da ba tare da kowa ya ji haushi ba. Masu gyaran ɗaki su riƙa tattara wanda aka bari a kan gado su mayar, a goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A daina buga kwanan wata ko sunan biki a jiki, don kada ya tsufa da wuri. A tambayi baƙo ko kati nawa yake buƙata kafin a miƙa biyu. Shugabannin ayarin alhazai kuma za su iya sa wannan cikin bitar da ake yi kafin tafiya, su tattara katunan ɗakuna kafin a hau mota, kamar yadda suke ƙirga jakunkuna.

Wasu baƙi da gangan suke tafiya da katin, saboda wata jita-jita da ta daɗe tana yawo cewa yana ɗauke da lambar asusun banki da adireshin mutum. Abin da aka saba rubutawa a cikinsa shi ne alamar ɗakin da zai buɗe da ranar da zai daina aiki. Bayanan baƙo suna cikin kwamfutar tebur.

Don haka mai karatu, in ka sauka a otal, a Makka ne ko a Abuja, ka zare katinka daga bango duk lokacin da za ka fita. Ranar da za ka tafi kuma, ka laluba aljihunka kafin ka shiga mota, ka miƙa shi a tebur.